Wace Doka Ce Ke Riƙe da Gonarka?

Idan manoma biyu a Dinawa ta ƙasar Wurno suka yi saɓani kan iyakar fadama, ko shanu suka bar burtali suka yi ɓarna a gonar gero, da wuya a ambaci kotu tun farko. Dattawa ake fara nema, daga nan sai hakimi, in ta ƙi a je gaban uban ƙasa. Sai abu ya gagari waɗannan ake jin sunan alƙali. Dukkansu suna raba gardama, amma ba rijiya ɗaya suke ɗibar hujja ba. Dattijo al'ada yake kallo, alƙali littafi, jami'in ƙaramar hukuma kuwa takardar gwamnati ce a hannunsa. Mutane da yawa sun yi asarar haƙƙinsu don ba su san wace hujja ce ke aiki a wane zaure ba.

Wannan yanki ya daɗe da sanin irin wannan muhawara. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. Jihadin da mahaifinsa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, babban ɓangaren hujjarsa maganar doka ce. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya zargi sarakunan zamaninsa da ɗora wa talakawa haraji irin su jangali da kuɗin gari, da karɓar gaisuwa kafin a saurari mai ƙara, da sa hannu a dukiyar mamaci. Laifinsu a wurinsa shi ne sun mai da son ransu doka. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ya rubuta Liya'ul Hukkami a Kano don koya wa masu mulki iyakarsu, Bello kuma ya rubuta Usulus Siyasa. Abin da ya haɗa su ukun shi ne cewa sarki ba shi ne tushen doka ba, shi ma a ƙarƙashinta yake.

To ina tushen? A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu ke bi, Alƙur'ani ne farko, sai Sunna, sai ijma'in malamai da ƙiyasi. Imam Malik ya ba aikin mutanen Madina nauyi na musamman, mazhabar kuma ta buɗe ƙofa ga maslaha da al'adar da ba ta saɓa wa nassi ba. Ta wannan ƙofa ce sulhun dattawan ƙauye yake samun gurbi a shari'a. Malamai sun ce duk hukuncin nan yana tsare abu biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. A ganina wannan ma'auni ya fi amfani ga talaka fiye da haddar sassan doka, domin da shi zai iya tambayar kowane hukunci: me ka tsare mini?

Da Turawa suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun bar su, sun hana wasu hukunce-hukunce kamar yanke hannu, sannan suka ɗora tasu kotun a sama. Ɗan Rabah, Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen mai kabarin Wurno, ya ga wannan tsari da idonsa. A 1943 aka zarge shi da taɓa kuɗin jangali a Gusau, kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa kotun Turawa a Zariya aka wanke shi. Abin mamaki, harajin da Shehu ya soka shi ne ya kai ɗaya daga cikin zuriyarsa gaban shari'a.

Ahmadu Bello ɗin ne, a matsayin Firimiyan Jihar Arewa, ya gayyato masana a 1958 ƙarƙashin Babban Jojin Sudan, Muhammad Abu Rannat, don su duba tsarin shari'a kafin samun 'yancin kai. Daga shawararsu aka yi dokar hukunta laifuka, wato Final Kod, ta 1959, wadda aka tsara bisa ta Sudan, ita kuma asalinta dokar da Ingila ta yi wa Indiya a 1860. Aure, saki, gado da wasiyya suka ci gaba da zama a hannun alƙalai, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. A shekarar 2000 Jihar Sakkwato ta bi sahun Zamfara wajen dawo da hukuncin laifuka na Musulunci, amma a ƙarƙashin kundin tsarin mulki na 1999, wanda sashensa na farko ya ce shi ne sama da kowace doka a ƙasar.

Inda manomi ya fi jin bambancin tushen nan shi ne ƙasa. A fiƙihu, wanda ya raya matacciyar ƙasa yana da haƙƙi a kanta. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 kuwa ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin zama a karkara. Shi ya sa in gwamnati ta karɓi fili don hanya ko aikin ruwa irin na madatsar Goronyo, diyyar da doka ta tanada ta shuka ce da gini da wahalar da aka zuba, ba kuɗin ƙasar kanta ba. Mai gona zai ce gadon kakansa ne, kuma gaskiya ya faɗa, amma jami'in da ya zo awo da wani littafin yake aiki.

Akwai wuri ɗaya da dukkan dokokin nan suka yi magana da murya guda, wato shaida. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi a kafa shaidu, kotun zamani ma takarda take tambaya. Duk da haka ana ba da jinginar gona da aro da baki kawai, har masu maganar su rasu, 'ya'ya su gaji rigima. Saboda haka ɗan'uwa, in za ka ba da gona jingina ko aro, ko za a raba gado, a rubuta iyaka da wa'adi da kuɗi, shaidu su sa hannu, hakimi ya sani, kowa ya riƙe kwafinsa.