Ruwan Gishiri na Asibiti da Toshewar Hancin Yara Lokacin Hunturu

Ana sanar da jama'a, musamman iyaye mata a karkara, cewa shigowar hunturu daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu kan zo da ƙura da busasshiyar iska, abin da ke jawo yawaitar mura a tsakanin ƙananan yara. Jariri a watanninsa na farko da hanci ya fi yin numfashi, saboda haka idan majina ta toshe masa hanci sai shan nono da barci su gagare shi.

Abin da ma'aikatan lafiya ke amfani da shi wajen sauƙaƙa wannan matsala shi ne ruwan gishiri na asibiti, wanda ake haɗawa da giram 9 na gishiri a cikin kowace lita ɗaya ta tsarkakken ruwa. Ba ya kashe ƙwayar cutar mura. Aikinsa shi ne jiƙa cikin hanci da tsinka majinar da ta daskare domin ta fito.

Hanyoyi biyu ake bi. Ta farko ita ce ɗiga ɗigo 2 ko 3 a kowace ƙofar hanci kafin a ba yaro nono, sannan a share abin da ya fito da ƙyalle mai tsabta. Ta biyu ita ce na'urar shaƙa da ake kira nebulaiza, wadda ke mayar da ruwan tamkar hazo, yaro ya shaƙa ta wata roba da ake rufe masa hanci da baki. An yi na'urar ne musamman domin isar da magani cikin ƙirji, don haka ma'aikacin lafiya ne zai yanke ko yaro na buƙatarta. Ga toshewar hanci kawai, ɗigon ya wadatar, kuma ya fi araha.

Ana gargaɗin iyaye da kada su zuba ruwan gishirin da aka haɗa a gida cikin na'urar, kada su yi wa yaro sirace da tafasasshen ruwa saboda haɗarin ƙuna, kuma kada su cusa man zafi a hancin jariri.

Ba kowane tari ne mura ba. Bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi ya yi sauri idan ya kai 60 a minti ɗaya ga jaririn da bai cika wata 2 ba, 50 ga ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5. Idan an ga haka, ko awazun yaro suna faɗawa ciki, ko ya ƙi kama nono, a garzaya da shi asibiti, domin alamun ciwon huhu ne.

Ana kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su tanadi ruwan gishirin a ɗakunan shan magani, su kuma tabbatar ana tsabtace robar shaƙa bayan kowane yaro. Dagatai da masu unguwanni su taimaka wajen isar da wannan saƙo ga jama'arsu.