Baƙin mai: kauri ba shi ne kyau ba

Sanyi ya fara shigowa, masu lambu sun fiddo injinan ban-ruwa, tun daga Jiratawa har Galmi. Ƴan kabu-kabu kuwa dama ba su da rani ba su da damina. Wanda duk ya biya ta garejin makanikai a Maradi ko Damagaram kwanakin nan zai tarar da injina a kwance, kuma da yawansu mai ne ya kashe su. Ko dai ya ƙare ba a duba ba, ko ya daɗe ba a juye ba, ko kuma tun farko ba irin nasa aka zuba ba.

Yadda yawancinmu ke sayen mai mun san shi. Mai tebur ya miƙo kwalba, mu ɗiga a yatsa mu murza, in ya yi danƙo mu ce wannan mai kyau ne. To, yatsa ba ya gane komi. Man da aka juye daga babbar mota aka tace da tsumma ma yana da kauri, amma magungunan da kamfani ya haɗa a cikinsa don wanke datti da kare ƙarfe sun riga sun mutu. Shi ya sa muke cewa a sayi galan ko gwangwanin da bakinsa yake a rufe da hatimin kamfani, a buɗe shi a gabanka. Jikar da ka rage wurin saye, sai ka biya ta ninki-ninki wurin canza fistin da ringi.

Lambobin da ke jikin galan su ne ke faɗin gaskiyar man. In ka ga 20W-50, lambar farko tana nuna yadda man ke gudu lokacin da injin yake da sanyi, da safe ke nan kafin ya ɗau zafi. Ta biyu tana nuna kaurin da yake riƙewa idan injin ya yi zafi sosai. A ƙasar da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, tsofaffin motoci da babura da yawa suna zama lafiya da 20W-50, motocin gazuwal kuma galibi 15W-40. Akwai kuma haruffan API: in S ce ta fara, na injin esans ne, in C ce, na gazuwal.

Amma fa ba kowace mota ke son mai kauri ba. Wannan magana ta ƴan'uwanmu ce da ke Turai ko Amurka masu aiko da mota gida. Injinan zamani hanyoyin mansu ƙanana ne, kamfani ya rubuta musu 5W-30 ko makamancinsa. In aka ɗura musu mai kauri, da safe kafin ya kai sama ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Don Allah in za ku aiko mota, ku haɗo da littafinta, ku kuma faɗa wa wanda zai riƙe ta lambar man. Sannan kada a bi dogon zangon juyen man da ake bi a can. Su kwalta suke hawa, mu rairayi da ƙura muke sha, kuma littattafan su kansu sun ce a wurin ƙura a rage zangon.

Moto kuma nata daban ne, nan ne aka fi yin kuskure. A yawancin baburan da ke hannunmu mai guda ne ke shafa injin da giya da ambiriyaj, wato kuloci. Wasu man mota suna da maganin ƙara santsi, in ya shiga moto sai kuloci ya riƙa zamewa: ka ja totur, injin na kuka, tafiya babu. A nemi wanda aka rubuta 4T da JASO MA a jikinsa. Mai 2T kuwa na injinan da ake gauraya musu mai da esans ne, ba a musanya shi da wancan. Ƙaramar moto abin da take sha bai wuce kusan lita guda ba, kuma ɗan kabu-kabun da ke yini a kan hanya bai kamata ya jira sai man ya koma kamar kwalta ba.

Injin ban-ruwa ba shi da agogon kilomita, da awa ake lissafa masa. Ƙananan irin su Honda GX160, mansu bai kai lita ba, kashi shida cikin goma ne ko kusa da haka. Kamfanin ya ce sabo a juye masa bayan awa 20, daga nan duk awa 100. Mai lambun da ke tada injinsa awa biyar kullum, cikin kwana ashirin ya cika awa ɗarin nan. Kowace safiya kafin a ja igiya, a daidaita shi a ƙasa, a zaro sandar awo a duba. Matatar iska ma a riƙa kakkaɓe ta, musamman in hazo ya sauka, don ƙurar da ta wuce ta cikin mai take ƙarewa, ta riƙa goge injin kamar yashi.

Sauran ruwayen ba su da dogon bayani. Man birki, DOT 3 ko DOT 4, yana shan laima daga iska, don haka ana canza shi kamar duk shekara biyu, kuma ba a taɓa ƙara masa baƙin mai. Lagireto ba ya son ruwan rijiya, yana bar masa farar ƙasa da tsatsa har ya toshe, ruwan sanyaya injin da ake sayarwa a galan ya fi. Kada kuma a buɗe murfinsa injin na tafasa, fuska da hannu yake ƙonawa.

Man da aka juye, kar a zubar da shi kusa da rijiya ko cikin lambu, kar kuma a shafa wa dabba a miki kamar yadda wasu ke yi. A tara shi a bido mai murfi, nesa da yara, a mayar wa masu gareji.