Doki 15 ko doki 40: Wane inji ya dace da tsohon kwale-kwalen da aka yi wa kwaskwarima?

Duk wanda ya taso a Unguwar Tudu ko wani ƙauye tsakanin Gwarzo da Kabo ya san yankin ba ya rasa ruwan kwance. Akwai madatsun Pada da Magaga da Guzu-Guzu, ga Kusalla da Challawa ta ɓangaren Karaye, sannan ga Watari a Bagwai ta arewa. A bakin irin waɗannan ruwaye ba a rasa tsohon kwale-kwale da aka jawo tudu ana sauya masa katako, ana toshe ɓaraka da tsumma da kwalta.

Gyaran jikin ba shi ne mai wuya ba, kafinta ya san aikinsa. Inda gardama take shi ne ranar da mai jirgi ya tara kuɗin inji. Wasu za su ce ya sayi ƙarami ya huta da shan mai, wasu su ce babba shi ne rufin asiri ranar da iska ta taso.

Ba a nan kaɗai ake wannan muhawara ba. A Amurka masu gyaran tsoffin jiragen shaƙatawa sun daɗe suna ja-in-ja kan injunan Chevrolet iri biyu, ƙarami mai lita 5.7 da babba mai lita 7.4, waɗanda kamfanoni irin su MerCruiser ke juyawa su zama na ruwa. Babban ya fi ƙarfin ja, amma ya fi nauyi, ya fi cin wuri, ya fi shan mai. Su nishaɗi suke nema. Mutumin bakin dam kuwa abincin gidansa ne, kuma wani lokaci rayukan mutane ne a bayansa.

Abin da lissafi ya nuna

Injin da aka fi gani a ruwayen Najeriya shi ne na rataye a bayan jirgi, mai amfani da fetur da aka gauraya da baƙin mai, kuma Yamaha Enduro ya fi yawa. Mai doki 15 nauyinsa bai kai kilo 40 ba, mutum ɗaya zai iya saɓa shi ya kai gida da daddare. Mai doki 40 ya haura kilo 70, sai an kama. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin da ake gudun sata.

Idan aka murɗa su har ƙarshe, mai doki 15 yana shan wajen lita 7 zuwa 8 a awa, mai doki 40 kuma wajen lita 20. Wato a aikin awa huɗu bambancin ya kusa jarka biyu ta lita 25. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin lita a hukumance bai kai Naira 200 ba, don haka matuƙi kan iya kawar da kai. Yanzu jarka biyun nan tana iya cinye ribar yini gaba ɗaya.

Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me ƙarin man nan yake sayo wa mai jirgi?

Kwale-kwalen katako mai nauyi ba ya tashi saman ruwa kamar jirgin fiba na gudu. Keta ruwan yake yi, yana tura shi gefe, kuma yana tayar da igiyar ruwa a gabansa. Tsawon jikinsa ne ke yanke masa iyakar gudu. Mai tsawon mita 10, da zarar ya kusa kilomita 14 a awa, ya iso iyakarsa. Duk ƙarfin da aka ƙara bayan nan ba gaba yake kai shi ba, sai dai hanci ya ɗaga sama, baya ya nutse, man ya tafi wajen haƙa rami a cikin ruwa.

Tun kafin a kai iyakar ma, gudu yana da tsada. Ƙarin kashi 20 cikin 100 na gudu yana neman ƙarfi kusan ninki biyu. A ɗauki ƙetaren kilomita biyar: mai tafiya kilomita 11 a awa zai isa cikin minti 27, mai kilomita 14 cikin minti 21. Minti shida ke nan. Ba lallai fasinjan da ya ɗauko buhun masara zuwa kasuwa ya yarda ya biya ƙarin kuɗi saboda minti shida ba.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da wani littafin jagora a 2012 kan tsimin mai a ƙananan jiragen kamun kifi, kuma babban abin da ya nanata shi ne rage gudu, tare da nuna cewa ana yawan ɗora wa irin waɗannan jirage injin da ya fi buƙatarsu.

Hujjar masu son babba

Su ma ba zancen banza suke yi ba. A farkon damina hadari kan haɗu cikin ɗan lokaci, iska ta bugo kafin ruwan sama, kuma a faffaɗan ruwa irin Challawa, wadda aka kammala a 1992, ko Tiga, igiyar ruwa kan yi girman da ba a zata. Jirgin da ya yi lodi yana fuskantar iska yana buƙatar ƙarfin da zai riƙe hancinsa a saiti. Idan inji ya gaza, iska ta juya shi ya ba ta gefe, a nan ne ruwa ke shiga.

Sannan ƙaramin injin da ake murɗawa har ƙarshe daga safe zuwa yamma ba ya daɗewa. Babba da ake tafiya da shi a kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa yana numfashi, kuma shan mansa yana sauka sosai daga lita 20 ɗin nan. Matsalar ita ce hannu. Samari matuƙa ba su cika barin maƙura ta huta ba idan akwai sauran murɗi.

Tsohon katako da sabon ƙarfi

Ga jirgin da aka gyara, wurin da ya kamata a fara dubawa shi ne allon baya inda ake ɗaure injin. Nan ne duk nauyi da tunkuɗa da jijjiga ke sauka. Tsohon katako kan yi kyau a ido bayan an shafa fenti, alhali cikinsa ya yi laushi. A soka ƙusa ko sukudireba kusa da inda aka haɗa shi da gefuna. Idan ta shige ba gardama, wannan allon ba na doki 40 ba ne, ko na 15 ma sai an sauya shi. Jijjigar babban inji kuma tana sassauta tsoffin ƙusoshi, ta buɗe ɓarakar da aka toshe jiya.

Nauyin ma abin lissafi ne. Inji kilo 70, tanki cike da mai kilo 20 da ɗoriya, ga matuƙi a zaune, duk a wuri guda. Bayan jirgin ya riga ya sunkuya tun kafin fasinja na farko ya taka.

Akwai kuma tsawon ƙafar inji, da ake yawan mantawa. Gajeriya an yi ta ne don allon baya mai tsayin inci 15, doguwa don mai inci 20. Gajeriya a kan dogon allo, farfela za ta riƙa kama iska tana ihu ba ta tura komai, kuma famfon sanyaya inji ya rasa ruwa. Doguwa a kan gajeren allo kuwa za ta yi ta dukan kututture, wanda ba a rasa shi a dam ɗin da ruwansa ya mamaye gonaki da itatuwa, balle a ƙarshen rani da ruwa ke ja baya.

Mai sayen na hannu, wanda ake kira ɗan Beljiyom, kada ya yarda da tashin inji a kan tudu. A tsoma shi a duro, a ga yana fitar da siririn ruwan nan da bakanikai ke kira fitsari, a saka giya gaba da baya, a kwance matoshin man ƙafa a duba. Idan man ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. Mai doki 40 da ya gaji bai kai mai doki 15 mai lafiya ba.

Inda babban inji ke zama tarko

Ranar 30 ga Nuwamban 2021 wani jirgi ya kife a madatsar Watari bayan ya taso daga ƙauyen Badau zuwa Bagwai, ɗauke da mutum kusan 50, akasarinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Aƙalla mutum 29 suka rasu. Hukumomi sun danganta hatsarin da lodin da ya wuce ƙima, kuma gwamnatin Kano ta dakatar da sufurin jirgin ruwa a wurin a lokacin.

Abin lura a nan shi ne inji ba ya ƙara wa jirgi ko kilo ɗaya na abin da zai iya ɗauka. Wannan aikin faɗi da zurfin jiki ne. Ƙaramin inji kan kai ƙara idan lodi ya yi yawa, ya yi nishi, jirgi ya ƙi tafiya, matuƙi ya gane. Babba kuwa zai ja kayan ba tare da ya nuna gajiya ba, har bakin jirgi ya rage ɗan yatsa kaɗan da ruwa. Dokokin hukumar NIWA mai kula da sufurin ruwa na cikin gida sun wajabta rigar kariya ga kowane fasinja, sun hana lodin wuce ƙima da tafiyar dare, amma jami'anta ba sa kowace mashiga.

A ganina, masunci da ke zagaya komarsa a Pada ko Guzu-Guzu ba shi da abin yi da doki 40. Doki 15 ya ishe shi har da saura, kuma rarar kuɗin ta fi amfani a sabon allon baya. Mai ɗaukar fasinja da kaya a Challawa ko Watari zai iya hawa zuwa 25 ko 40, bisa sharaɗin cewa an sake ƙarfafa jikin jirgin, an ja layin fenti a gefe da ruwa ba zai wuce ba, kuma an ware kuɗin rigunan kariya tun kafin a je wurin mai sayar da inji. Filafili biyu da gora su kasance a ciki ko wanne aka ɗaura, domin idan filogi ya jiƙe a tsakiyar dam, babba da ƙarami duk shiru za su yi.