Mutum ɗaya gaban mutum dubu: lissafin da ke ɓoye a wasannin sara da suka

Idan ka taso a Haɗejiya wajejen 2008 zuwa 2012, ka san shagon gem. Ɗan ɗaki ne da benci biyu, talabijin mai ƙaton ƙeya, da PlayStation 2 wadda aka ɗora wa ƙaramar fanka don kada ta yi zafi, ga janareta na kuka a waje. Yawancinmu ƙwallo muke zuwa bugawa. Amma akwai wani faifai da muke ce wa "gem ɗin Chaina", wanda ake saka wa wanda ya gaji da shan kashi a ƙwallo. A cikinsa za a ba ka jarumi ɗaya da mashi, a sake ka cikin rundunar abokan gaba, ka yi ta sara da suka, lamba na hawa a ƙasan allo: 100, 300, 700. Sunansa Dynasty Warriors. Kuma ba mutanen Chaina suka yi shi ba, kamfanin Koei na Japan ne.

Kwanakin baya na je gida hutu, na tarar da ƙanena yana kallon bidiyon irin wannan wasa a waya, sai dai jarumin Link ne na The Legend of Zelda. Ya ɗago ya ce, "Yaya, wai da gaske a zamanin da mutum ɗaya yana iya kashe mutum dubu?" Na fara dariya, daga baya na ga tambayar ta fi ƙarfin dariya. Amsarta tana da lissafi, tana da ilimin kwamfuta, kuma ta taɓa tarihin garinmu.

Bari mu fara da wasannin kansu, a taƙaice. Dynasty Warriors na farko ya fito a 1997, kuma faɗa ne na mutum biyu, irin na Tekken. Na biyunsa, wanda ya fito a 2000 a kan PlayStation 2, shi ya kawo salon jarumi ɗaya cikin taron dakaru. An ɗauko labarin daga wani tsohon littafin Chaina na ƙarni na 14 a kan yaƙoƙin masarautu uku. Mutanen Japan suna kiran salon "muso", wato wanda ba shi da na biyu. Da kamfanin ya ga kasuwa ta karɓa, sai ya fara ɗaukar wannan ƙwarangwal yana sa masa rigar wasu shahararrun labarai: Gundam a 2007, One Piece a 2012, Zelda a 2014 da sunan Hyrule Warriors, Dragon Quest a 2015, Fire Emblem a 2017. Fuska ce kawai take sauyawa, injin da ke ciki kusan ɗaya ne. A gani na wannan ba laifi ba ne, tela ma da awo ɗaya yake ɗinka wa mutum shadda da yadi. (Sunan "sara da suka" kuwa ni na laƙaba wa salon, don shi ne ma'anar sunansa na Turanci. Mutanen Bauchi da Jos su yi haƙuri, na san me kalmar take tuna musu.)

To, mutum nawa ne za su iya kai maka sara a lokaci guda?

Ɗauki murafen kwalbar lemo guda goma. Ajiye ɗaya a tsakiya, ka jera sauran kewaye da shi ta yadda kowanne zai taɓa shi. Shida za su shiga, na bakwai ba shi da wuri. Wannan ba dace ba ne, tabbataccen sakamako ne a ilimin lissafi: a shimfiɗaɗɗen wuri, da'ira shida kawai masu girma ɗaya ke iya taɓa ta tsakiya. Mutane ba murafe ba ne, amma abin bai yi nisa ba. Mai takobi yana buƙatar filin da zai ɗaga hannu ba tare da ya sari ɗan'uwansa ba. Don haka ko mutum dubu ne suka kewaye ka, wajen shida ne ke yaƙi da kai, sauran suna bayan layi suna jira. Idan ka samu bango ka jingina, sun koma huɗu. Idan ka tsaya a bakin ƙofa, ɗaya ko biyu. Shi ya sa magabata suka kashe ƙarfinsu wajen gina ganuwa da ƙofofi, a Haɗejiya da Kano da Zariya da Katsina. Ƙofa tana hana yawa yin aikinsa.

Kada ka yi saurin murna, domin na bayan layin ba tafiya gida suke yi ba. A ce kai gwani ne na gaske, duk karon da ka yi da mutum ɗaya, sau 99 cikin 100 kai ne da nasara. Ko a dambe ba a samun irin wannan gwani. Damar ka tsallake mutum biyu a jere ita ce 0.99 sau 0.99. Ta mutum dubu kuwa sai ka ninka 0.99 da kanta sau dubu. Danna a kalkuletar wayarka ka gani: abin da zai fito kusan 4 ne cikin 100,000. Kuma a wannan lissafi mun yi maka rangwame, mun ɗauka ba ka gajiya, ba ka jin ƙishirwa, takobinka ba ya dakushewa. Duk wanda ya taɓa yankan shinkafa da lauje a fadama ya san yadda hannu yake komawa bayan awa ɗaya.

Amsar da na ba ƙanena ke nan: a'a. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Sai ya ce, to me ya sa a gem ake yi?

Saboda an hana su dukanka ne. Idan ka samu dama, ajiye hannun gem ɗin a tsakiyar yaƙi, kada ka danna komai, ka zuba ido. Za ka ga ƙananan dakarun sun kewaye ka suna rangaji, suna ɗaga makami, jefi-jefi ɗaya ya matso ya kai sara ya ja da baya. Masu shirya wasanni sun san wannan dabara har suna mata laƙabi da da'irar kumfu, saboda finafinan Chaina da miyagu ashirin ke kewaye jarumi amma su riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake gina ta shi ne, ana ajiye wani ɗan adadi na izinin kai hari, a ce biyu ko uku. Duk sojan da ke son sara sai ya karɓi izini, idan ya gama ya mayar. Wanda bai samu ba ya tsaya yana muzurai. Sa'an nan aka ba takobinka faɗin da babu shi a duniya, sara ɗaya ya kwashi mutum goma. Haɗarin gaske an ajiye shi ne a hannun manyan kwamandoji, waɗanda su ake ba wa dabara da dogon numfashi. Sauran taron aikinsu shi ne su sa ka ji kai wani ne.

Wani ɓangare na wannan zaɓi ne na masu zanen wasan, wani ɓangaren kuma dole ce. Motsin da kake gani a allo jerin hotuna ne. Idan wasa yana fitar da hoto 30 a sakan ɗaya, na'ura tana da kashi 33 cikin dubu na sakan ta gama komai na hoto guda: ta karanta abin da ka danna, ta yanke shawarar abin da kowane soja zai yi, ta duba wa ya taɓa wa, ta zana duniya gaba ɗaya. Idan hoto 60 ne, lokacin ya ragu zuwa ƙasa da kashi 17. PlayStation 2 kuwa babbar ma'adanarta ta aiki megabayit 32 ce kawai. Wayar da ke hannunka, idan mai gigabayit 4 ce, ta ninka ta fiye da sau ɗari.

Duba wa ya taɓa wa ɗin nan shi ne mugun aiki. Idan soja 10 ne kuma za ka gwada kowa da kowa, gwaji 45 ne. Idan 100 ne, 4,950. Idan 1,000 ne, 499,500, kuma a kowane hoto. Ka ga yawan ya ninku sau ɗari, aikin ya ninku fiye da sau dubu goma. Maganin da ake yi shi ne a yanka filin daga gida-gida kamar kwamin shinkafa, kowane soja a gwada shi da waɗanda ke kwaminsa da na maƙwabta kawai.

Irin wannan tunani ka taɓa ganinsa a sama, in dai ka taɓa tsayawa a fadamar Haɗejiya lokacin da jan baki suka taso wa gonakin shinkafa. Dubban tsuntsaye suna juyawa kamar hayaƙi, babu shugaba, babu wanda ke ganin garken duka. A 1987 wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Craig Reynolds, ya nuna cewa ƙa'idoji uku sun isa a kwaikwayi wannan a na'ura: kada ka yi karo da na kusa da kai, ka fuskanci inda suka fuskanta, kada ka yi nisa da su. Daga nan finafinai da wasanni suka riƙa aron dabarar idan suna son taro ya motsa kamar mai rai, ba tare da an ba kowane ɗaya ƙwaƙwalwa mai tsada ba.

Sauran dabarun na ido ne. Kowane jiki a gem an gina shi da ƙananan alwatika. Jaruminka yana da su da yawa, sojan da ke nesa 'yan kaɗan ne, kuma duk fuskarsu ɗaya don a zana siffa guda a maimaita. Hazon da muke gani a Dynasty Warriors na da, wanda muka ɗauka buji ne irin na hunturu, labule ne da aka ja don kada na'ura ta zana abin da ke nesa. Idan taro ya yi yawa kuma, sai wasu sojojin su ɓace a gabanka su sake bayyana, mu kuma mu ce faifan ne ya karce. Yaƙin da taswira take nuna maka ana yi a can wani gefe, galibi lambobi ne kawai ke hawa da sauka, ba a zana kowa sai ka iso. Har yau matsalar ba ta ƙare ba. Da Hyrule Warriors: Age of Calamity ya fito a 2020 a kan Nintendo Switch, babban ƙorafin masu sharhi shi ne hoto yana sarƙewa idan allo ya cika.

Yanzu mu dawo gida, don akwai yanayin da 'yan kaɗan ke cin masu yawa da gaske, kuma garinmu ya gan shi.

A 1916 wani injiniya Bature, Frederick Lanchester, ya buga lissafin da ya bambanta yaƙin takobi da yaƙin bindiga. A yaƙin takobi, kamar yadda muka gani da murafe, mutum da mutum ake yi. Idan 100 suka kara da 50 masu ƙarfi ɗaya, za a ƙare da 50 a tsaye. A yaƙin bindiga kuwa babu layin jira, kowa yana iya harbi a lokaci guda daga nesa, don haka ƙarfin runduna yana tafiya ne da yawanta a ninke da kansa. Ɗari sau ɗari 10,000 ne, hamsin sau hamsin 2,500, saura 7,500, wanda tushensa kusan 87 ne. Wato 'yan ɗarin za su share 'yan hamsin su rasa mutum 13 kacal. A irin wannan fili, kafin mutum ɗaya ya yi daidai da dubu sai ya fi kowannensu sau miliyan.

To ina ga a ce ɓangare ɗaya ne ke harbi daga nesa, ɗayan kuma sai ya iso jikinka kafin makaminsa ya yi aiki?

Haɗejiya gari ne na mayaƙa. A tsakiyar ƙarni na 19 Sarki Buhari ya bijire wa Sakkwato, aka kasa tanƙwara shi shekaru da dama. Ƙarfin wannan zamani doki ne da mashi da takobi da baka, da sulke da lifidi. A watan Afrilu na 1906, watanni kaɗan bayan rikicin Satiru, rundunar Turawan Ingila ta zo wa Haɗejiya da bindigogi masu jigida irin na Maxim da igwa. Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya. Aka gwabza har cikin gari, aka kashe shi tare da ɗimbin jama'arsa, shi ya sa har gobe ake ce masa Mai Shahada.

Yi wannan ɗan lissafi, na misali ne kawai. Maxim tana iya fitar da harsashi wajen 600 a minti, wato goma a sakan. Doki a guje yana cin kamar mita 10 a sakan, mai ɗauke da lifidi ma bai kai haka ba. Idan barde zai ratsa mita 300 kafin mashinsa ya kai ga mutum, yana buƙatar sakan 30. A cikin wannan lokaci bindiga ɗaya ta saki harsashi 300. Lifidi an ɗinka shi ne don kibiya da takobi, audugar da ke cikinsa ba ta tsayar da harsashi. Iyakar mutum shida da muka samu da murafe tana aiki ne a kan mai takobi, ba ta aiki a kan mai jigida. Na sha jin samari a majalisa suna cewa wai da kakanninmu jarumai ne da ba a ci su ba. Maganar tana ɓata min rai, don wanda ya yi ta bai taɓa zama ya auna sakan talatin ɗin nan ba.

Ƙanena ya ce to me zai hana a yi irin wannan gem da Sarki Buhari, ko da Sarauniya Amina ta Zazzau, tun da an yi da Link. Ta fuskar fasaha babu abin da ya hana. Injinan gina wasanni irin su Godot kyauta ne, kuma wayar da ke aljihunsa ta fi na'urar da aka fara salon a kanta nesa ba kusa ba. Inda aikin yake shi ne zane, da motsin doki, da kuma yanke shawarar su waye dubun da za a sara. A labarin Zelda dodanni ne, babu mai kuka dominsu. A labarin Buhari kuwa mutanen ƙasar Kano ne da Katagum da sauran maƙwabta, waɗanda jikokinsu muke zama aji ɗaya da su a jami'a. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce shi dai a fara da jan baki, a ba shi gwafa da gwangwani ya kare gonar shinkafa. Na ce ya kawo murafen lemo mu fara da lissafin.