Lincoln Town Car: Motar Attajirai Da Ta Rufa Wa Direbobin Haya Asiri

A shekarar 2011 ne kamfanin Ford ya rufe masana'antarsa ta St. Thomas da ke ƙasar Kanada, inda daga nan aka daina ƙera Lincoln Town Car bayan ta shafe shekara 30 tana jan zarenta a titunan Amurka.

Domin masu hannu da shuni aka fito da ita a 1981. Tsawonta ya haura mita 5, injinta mai fulogi takwas ne, kujerunta kuwa tamkar na falon basarake. Sai dai waɗanda suka fi jin zafin rabuwa da ita su ne direbobin motocin hayar alfarma na birnin New York, domin da ita suke ci da iyalansu.

Dalili kuwa shi ne, an ɗora gangar jikinta a bisa shasi mai zaman kansa, irin na akori-kura, saboda haka tana jure wahala, gyaranta kuma ba ya ba bakanike ciwon kai. Galibin kayan gyaranta iri ɗaya ne da na Ford Crown Victoria ta 'yan sanda da 'yan tasi, ga su da araha.

Amma tana shan mai, fasalinta ya tsufa, attajirai kuma suka karkata ga Lexus da Marsandi da manyan jif-jif. Direbobi ba su da yawan da zai sa kamfanin ya zuba kuɗin sabunta ta. Abin tambaya ga mai karatu shi ne, wace motar alfarma ce a yau ƙaramin direba zai saya ta hannu, ya iya ɗaukar nauyin gyaranta?