Lokacin da Najeriya ta kusa shiga Nijar da bindiga

Ka tuna watan Agustan 2023? In kana cikin samarin Kutama masu zaman majalisa bayan Isha'i, kowa kansa a waya, ai ba ka manta ba. Duk zauren WhatsApp da ka leƙa tambaya ɗaya ce: za a gwabza da Nijar ko kuwa?

Ranar 26 ga Yuli dakarun fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Bayan kwana huɗu, ECOWAS ƙarƙashin Tinubu ta ba sojojin mako guda: su mayar da Bazoum, ko a zo musu da ƙarfi. Najeriya ta rufe iyaka, ta yanke wa Nijar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga nan take zuwa.

Babba ya shiga gidan ƙaramin maƙwabci da sojoji ba sabon abu ba ne. Amurka ta yi a Grenada a 1983. Mu ma mun yi: sojojinmu na ECOMOG ne suka mayar da Tejan Kabbah mulki a Saliyo a 1998. Amma Freetown ina, Kutama ina? Nijar fa? Ka fita Gwarzo, ka ratsa jihar Katsina, ka kai Jibiya, sai Maraɗi. Harshe ɗaya, kasuwa ɗaya, ga auratayya. Wa za ka harba a can, kawunka?

Shi ya sa Arewa ta ce a'a. Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa da yaƙi, Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Tchiani, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta bi sahu. Ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Masu motocin kaya da suka yi watanni a bakin iyaka dai sun ji a jikinsu, kafin a ɗage takunkumi a Fabrairun 2024.

Sai dai kai da ke ɗora hoton Tchiani a Facebook kana kiransa gwarzon juyin juya hali, ka ɗan dakata. Gaskiya ne ya kori sojojin Faransa, ya fitar da Nijar daga ECOWAS tare da Mali da Burkina Faso. Amma da farko shekara uku ya ce zai yi. A Maris ɗin 2025 aka rantsar da shi na shekara biyar, aka kuma rushe duk jam'iyyun siyasa.