Madubin bindigar farauta: yadda ake sayen mai araha ba a yi asara ba

Cikin kayan da ake gani a manyan kantunan Dubai da na ƙasar Sin akwai wani ɗan bututu baƙi mai gilashi gaba da baya, wanda mafarauta ke ɗaurawa bisa bindiga don ya jawo musu nesa kusa. Shi ne madubin bindiga. Kwalinsa na ɗaukar ido, kuɗɗinsa kuma wani lokaci bai kai na wayar salula ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to amma mu a ganinmu a nan zancen bai ƙare ba. Akwai mai arahar da ke aiki shekara da shekaru, akwai kuma wanda ke mutuwa ran da aka fara harbi da shi. Bambancin na ga abu uku: zaɓe, ɗauri da kulawa.

Kafin mu shiga ciniki, bari mu fara da hukuma. A Nijar ba a riƙe bindiga sai da takardar izini, farauta kuma tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Tun 1994 akwai hukumar ƙasa mai tattara makaman da ke hannun mutane ba bisa ƙa'ida ba. Ga kuma matsalar ƴan bindiga da ta addabi wasu yankunan kan iyaka a jihohin Maraɗi da Tawa. Saboda haka ɗan kasuwar da aka yi wa sautun wannan madubi, ya fara tambayar duwan da jandarma kafin ya sa shi cikin kaya. Ribar abu ɗaya ba ta kai a riƙe maka kwantena ba, balle a riƙe ka kai kanka. Bayaninmu na mafarauci ne mai takardunsa.

Asalin wannan kasuwa Amurka ce, inda miliyoyin mutane ke fita farautar barewa kowace shekara. Da can madubi mai kyau daga Jamus yake zuwa, sai mai hali. A 1930 wani mutum mai suna Bill Weaver ya fara ƙera wanda bai kai dalar Amurka 20 ba, talaka ya samu shiga. A ƙarshen shekarun 1940 kamfanin Leupold na jihar Oregon ya fito da madubin da ba ya yin hazo daga ciki. Dabarar da aka zauna a kanta ita ce a cire iskar cikin bututu a cika shi da iskar naitirojin, a toshe. A 1962 kamfanin ya sake fito da layin saiti mai kauri a gefe, siriri a tsakiya, wanda kusan kowa ya kwaikwaya. Waɗannan abubuwa su ne har yau ake nema a madubin kirki, ko mai tsada ko mai araha.

To me lambobin jikin kwali ke nufi? In kun ga an rubuta 3-9x40, ma'ana madubin na ƙara girman abu daga sau 3 zuwa sau 9, faɗin gilashin gaba kuma milimita 40. In an rubuta 4x32, girman bai canzawa, sau 4 ne kullum. Ga wani ɗan lissafi da kowace ƴar kasuwa za ta iya yi da ka: a raba faɗin gilashi da yawan girman. 40 a raba 9 ya ba da kusan milimita 4 da rabi, wannan shi ne faɗin hasken da ke isa ido. In lambar ta yi ƙasa ƙwarai, da almuru ya yi sai duhu. Shi ya sa madubi mai araha da ke alfahari da girma sau 24, ga fitilu ja da kore, abin tsoro ne. An kashe kuɗɗin wajen ado, an bar gilashi. In aljihu bai da nauyi, 4x32 ko 3-9x40 marar tarkace ya fi. Abin da bai da sassa masu yawa bai da wurin lalacewa da yawa.

A kanti, kada a saya cikin kwali a rufe. A fito da shi a duba wani bango mai nisa, a ga ko hoton na da tsabta har gefe-gefe, ba tsakiya kaɗai ba. A girgiza shi kusa da kunne. In wani abu na ƙara a ciki, a mayar. A murɗa maɓallan saiti biyu, na sama da na gefe, a ji suna ƙas-ƙas ɗaya bayan ɗaya. A auna tazarar da ido ke ganin cikakken hoto: santimita 8 zuwa 10 ake so, don in ta gaza haka, bindiga mai ƙarfi na ja da baya madubin ya fasa wa mutum gira. Sannan a yi hattara da jabu. Babban suna a jikin kwali da kuɗɗin da bai kai rabin na gaske ba, wannan kowane ɗan kasuwa ya san fassararsa.

Akwai wani tarko da ke cin mutane da yawa. Bindigar iska mai sifirin, wadda ake karyawa a ɗana, tana da rauni a ido, amma ita ce ta fi kashe madubi. Dalili kuwa, girgizarta baya da gaba take yi, alhali yawancin madubai an gina su don bugun baya kaɗai. Mai irin wannan bindiga ya nemi wanda aka rubuta cewa an yi shi dominta. Ya fi kyau kuma ya zama mai zoben daidaita nisa a gaba, domin madubin babbar bindiga galibi an daidaita shi kan wajen mita 90, ita kuwa ta iska aikinta mita 20 zuwa 30 ne.

Sai ɗauri, inda mafi yawan asara ke faruwa. Madubi na zama cikin zobba biyu na ƙarfe. Kaurin bututu iri biyu ya fi yawa, milimita 25,4 da milimita 30, zobban kuma dole su dace da shi, su kuma dace da hanyar da ke bisa bindigar, wadda ke iya zama milimita 11 ko kusan 21. Mai sayen madubi ya yi rowar zobba kamar wanda ya sayi doki ne ya ɗaure shi da zare. Da farko a tabbatar babu harsashi a bindiga. A aza madubi sako-sako, a sa bindiga a kafaɗa, a matsa shi gaba ko baya har ido ya ga hoto cikakke ba tare da miƙa wuya ba. A rataya igiya da dutse a jikin bango, a daidaita layin tsaye da ita. Sannan a ɗaure kusoshin kaɗan-kaɗan, wannan gefe da wancan. Ƙarfi ba ya cikin aikin. In an matse da yawa bututun na lotsewa, saiti ya ƙi tafiya.

Wajen gwaji a nemi fili nesa da gari, da tudun ƙasa a bayan takardar da za a harba, inda ba mutum ba dabba. A fara daga mita 25, a jingina bindiga bisa buhun yashi, a yi harbi uku, a dubi tsakiyar inda suka taru. A madubai da yawa, ƙas ɗaya na matsar da harsashi kusan milimita 7 a nisan mita 100. Ke nan in ya kauce santimita 7 hagu a wannan nisa, ƙas 10 za a murɗa zuwa dama. A mita 25 kuwa sai an ninka lissafin sau 4. Banza ba ta kai zomo kasuwa: wanda ya ƙi wannan wahala zai raunata dabba ta tafi ta mutu a daji a banza, ko harsashi ya bi inda ba a aike shi ba.

Kulawa a ƙasarmu yaƙi ne da ƙura da zafi. Ƙurar hunturu yashi ce mai laushi, in aka goge gilashi da bakin riga ko rawani, ita za ta kankare shafin da ke bisa gilashin, wanda shi ke ƙara haske. A fara hure ƙurar ko a kaɗe ta da burushi mai taushi, sannan a goge da ƙyallen tabarau daga tsakiya zuwa gefe. A rufe bakin gaba da na baya duk lokacin da ba a aiki. Kada a bar shi cikin mota a rufe a zafin Afrilu, domin zafi na lalata robar da ta toshe iskar ciki. Kada a kwance shi don a wanke ciki. Da an buɗe, ya gama. In bindiga ta faɗi ko an yi doguwar tafiya da ita bisa babur, a duba kusoshi, a sake gwaji.

Abu biyu kuma ba a yin su ko da wasa. Ba a duban rana da madubi, yana iya ƙona ido. Ba a kuma ɗaga shi don a leƙa mutum ko a gane wane ne ke tafe, domin duk inda madubi ya duba, bakin bindiga ma can ya duba. Mai son hange ya sayi madubin hangen nesa na hannu. Iyaye mata, ku da kuka fi zama da yara a gida, ku tsaya kai da fata a kan a ajiye bindiga a kulle, harsashi a wani wuri daban.

Shawararmu ga mai sayarwa ita ce ya gaya wa mai saye gaskiyar abin da kayan ke iyawa, ya kuma tambaye shi irin bindigarsa da takardarsa kafin ya karɓi kuɗɗi. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kuma zaunar da ƙasarmu lafiya.